Wardin da Ya Sha Aski

Mijina mai aski ne, kuma duk matar da ta zauna da mai aski shekara talatin ta san abin da nake nufi in na ce idonsa ba ya hutawa. Ba ya iya ganin abu ya fita daga layi ya ƙyale shi. Ya taɓa daidaita wa tsintsiyata baki. Ya taɓa rage gezar mayafina ina zaune ina tsintar shinkafa, ban sani ba sai da na miƙe. Ranar da 'yarmu ta kawo saurayinta ya gaishe mu, yaron yana ta bayani a kan aikinsa, Maigida kuwa idonsa na bayan kunnen bawan Allah. Da ya tafi na tambaye shi yadda ya gan shi, sai ya ce yaron kirki ne, amma wanda ya yi masa aski bai ji tsoron Allah ba.

Shagonsa ɗakin gaban gidanmu ne. Kujera ɗaya ce mai juyawa, da babban madubi, da benci mai cin mutum uku in ba masu ƙiba ba ne. Tsakanin ƙofar shagon da bangon da ya raba mu da maƙwabta akwai ɗan fili, bai fi taku huɗu ba. A nan na dasa wardina.

Wardin na gidan Innarmu ne. Ba irin na kanti ba ne, mai kyan ido babu ƙamshi. Tsohon iri ne mai hawa bango, a gidanmu ya haye bangon kicin har ya kwanta a kan rufi. Sau ɗaya yake fure a shekara, in sanyi ya wuce, ya yi mako uku ya zube. Furen ruwan hoda ne mai haske, cunkushe da ganye, ƙamshinsa kuma tun daga bakin layi yake tarar mutum. Da Inna ta rasu aka sayar da gidan, masu saye suka ce rushewa za su yi. Ana gobe za a ba su makulli na je da wuƙar kicin na yanko rassa uku, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Biyu suka ruɓe, ɗaya ya kama. Bayan wata guda na bi ta layin, ban ga komai ba sai yashi da bulo. Wato duk abin da ya rage da rai daga gidan da aka haife ni, shi ne wannan reshe guda.

Na yi masa hidimar da ban yi wa kaina ba. Taki na sa masa, guntun ganyen shayi nasa ne, ɓawon ƙwai ma sai na daka na zuba masa a gindi. In ƙananan kwarin nan kore suka taru a kan toho, da ruwan sabulu nake wanke su ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma bai yi mini rowar girma ba. Ya yi ganye shar, ya yi ƙaya kamar farcen kyanwa, ya kai saman bango. Fure ne dai babu, shekara ɗaya, biyu, har shida.

Maigida ma ya taimaka, kuma don Allah ya yi. Ranar Litinin ba a cika zuwa aski ba, sai ya jingina tsani, ya ɗauko wani tsohon almakashi da ya daina aiki da shi, ya hau gyara. Duk reshen da ya miƙo kai ya fi 'yan'uwansa tsawo, to ya gama yawo. Yakan sauko ya ja da baya, ya karkata kai ya duba, ya sake hawa don ganye biyu. Wardin ya koma shafe a jikin bango, samansa a miƙe, gefensa a miƙe. Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba, don ni nake kawo masa shayi ina yaba aikin. Masu wucewa su ce ba su taɓa ganin fulawa mai tsafta haka ba, ni kuma kaina ya kumbura.

A shekara ta shida masu zuwa aski suka yi yawa. Uku na kan benci, sauran na tsaye a rana suna share gumi. Wata rana muna cin abincin rana Maigida ya yi gyaran murya irin wadda na sani, ya ce ya yi magana da mai walda a kan rumfa. Na tambaye shi a ina za a yi rumfar, alhali na san amsar.

"Maman yara," ya ce, "shekara shida ba kwana shida ba ne. Abin nan yana ci yana sha, ƙaya kawai yake ba mu. Rigar mutum biyu ya yaga a watan nan."

Na cika na batse. Kwana biyu da ka nake ba shi amsa. Amma hujja ba ni da ita, kuma mutanen da ke tsayuwa a rana su ne abincinmu. A rana ta uku na ce ya yi abin da ya ga ya dace, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ranar Laraba mai walda ya zo da tef ɗinsa ya auna wurin. Mutum ne mai murya kamar yana magana da wanda ke ƙetaren titi, ya ce mako mai zuwa zai fara, amma sai an tumɓuke wannan ƙayar tukuna.

Muryar nan tasa ce ta cece ni. Bayan bangon akwai wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa, kowa Malama yake ce mata. Shekara uku ke nan da ta tare. Ƙofarta wani layin take kallo, muna dai gaisawa, na shiga falonta sau biyu amma ban taɓa leƙa bayan gidanta ba. Da yammacin ranar sai ga ta ta yi sallama. Ta zauna a bakin kujera, muka gaisa har gaisuwar ta ƙare muka sake sabuwa, sannan ta ce ta san ba ta da hurumin magana a kan abin da ba ita ta shuka ba. Ta ce kowace shekara tana niyyar zuwa godiya kunya ta hana ta. Abin da take roƙo kawai, in za a cire, a jira furen ya gama zuba, ko a sam mata reshe ɗaya ta gwada dasawa.

Na ce, "Malama, wane fure?"

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da na san ta sha yi wa 'yan aji. Sai ta ce in sa takalmi mu je.

Muka zagaya layin, muka ratsa falonta da kicin, ta buɗe ƙofar baya. Ashe akwai reshe ɗaya da ya bi ta bayan tankin ruwanmu, inda tsani ba ya shiga kuma almakashi ba ya kaiwa, ya tsallake bango ya faɗo gidanta. Ya yi kaurin babban yatsa. Malama ta kwantar da shi a kan wayar shanya ta ɗaɗɗaure da zare, tun daga bango har kusa da tagar kicin. Duk tsawonsa fure ne. Na fara ƙirgawa, da na kai arba'in na bari. Na kife bokiti na zauna a kai.

Ƙamshin ne ya karya ni. Shekara uku, duk irin wannan lokaci, in ina shanya nakan ji shi ya gifta, sai in ce kewar Inna ce take mini wasa da hanci. Har na taɓa gaya wa Maigida, ya ce in rage aiki in riƙa hutawa. Na yi kuka a kan bokitin nan ba kunya, Malama ta kawo mini ruwa ta tsaya tana jira. Ita a zatonta gefenmu bango guda ne na fure, ragowa ce take samu.

Da na natsu ta yi mini bayani, don shekara uku tana lura da shi da idon malamai. Ta ce reshen da ya fito bana ganye kawai yake yi. Sai ya kwana shekara, baɗi 'yan ƙananan rassa su fito a jikinsa, su ne masu fure. Ta kuma lura in reshe ya miƙe sama, a ƙarshensa kaɗai yake abin kirki, in kuwa aka kwantar da shi, kowane ido a jikinsa sai ya farka. Sannan ta tambaye ni yaushe muke yanke namu. Na ce kowace Litinin. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar.

Na je na janyo Maigida da tawul a kafaɗarsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon furen, na ga yatsunsa biyu suna motsi a gefen wando kamar suna riƙe da almakashi. Malama ta maimaita masa bayanin a hankali. Ya saurara da ladabi har ta gama. Amma namiji da girman kai, sai ya ce wataƙila dai ranar wannan gefen ta fi ta gefenmu kyau. Na ce rana ɗaya ce Allah ya yi wa unguwar nan. Malama ta sunkuyar da kai tana duban takalminta.

"Shi ke nan," ya ce. "Shekara ɗaya, ba zan sa masa almakashi ba. In ya yi fure a gefenmu, na yarda ni ne na hana shi. In bai yi ba, rumfa."

Na amsa da sauri kafin ya sake shawara. Sai da muka dawo gida na tuna saiwar a gefenmu take, in aka cire ta har na Malama ya tafi.

Wardin kamar ya ji an yi yarjejeniya. Kafin wata uku ya fitar da rassa dogaye sun fi mutum tsawo, wannan ya yi gabas wannan ya yi yamma, wani ya sunkuyo yana leƙen shago. Masu zuwa aski suka samu abin yi. Wani direba da yake zuwa duk mako biyu ya ce shi fa ya fara tsoron ba da kansa ga mutumin da ƙofarsa take haka. Tela, abokin Maigida tun suna samari, ya ce a shigo da fulawar a zaunar da ita a kujera, shi zai riƙe mata kai. Maigida ya juya kujerar ya ba wa ƙofa baya, sai ga wardin ɓaro-ɓaro a cikin madubi. Ya matsar da madubin zuwa ɗaya bangon, hasken ya ƙi daidai, ya karkata wa wani malamin asibiti layin goshi, abin da bai taɓa yi ba tunda ya fara sana'a. Washegari madubi ya koma inda yake.

Litinin ta zama ranar wahala. Ya shiga ya fita, ya wasa askar da ya wasa jiya, ya tsaya a ƙofa ya haɗa hannuwa a baya. Har kyanwar gidan ta koyi ɓuya ranar Litinin. Malama ce ta lura da halin da yake ciki, ta samo masa aiki. Ta ce a kafa ƙusoshi a bango a ja waya layi huɗu, a riƙa lanƙwasa rassan tun suna da taushi, a hankali kada su karye, a ɗaure su a kwance da ƙyalle, ɗauri mai sako-sako don reshe ya samu wurin ƙiba. Maigida ya yayyaga tsohon ƙyallen da yake yafa wa masu zuwa aski, ya hau tsani. Abin mamaki, ya fi mu iyawa nesa ba kusa ba. Ya ce ai wannan taje kai ne, kowane gashi yana da inda yake son kwanciya, in ka bi shi sai ya bi ka. Da matajinsa yake auna tazarar da ke tsakanin reshe da reshe. Hannuwansa da ko kwano ba ya yarda su wanke don kada su yi kaushi, suka cika da karce da filasta.

Sau ɗaya ya karya alkawari. A wata na takwas wani reshe ya fito daidai saman ƙofa, ya ƙi lanƙwasuwa, ya cire wa wani dattijo hula sau biyu, da shigarsa da fitarsa. Na dawo daga kasuwa na tarar da Maigida zaune a benci, reshen a kan tawul bisa cinyarsa, ya yi tsuru-tsuru. Ya ce hannunsa ne ya riga kansa. Ni kuma bakina ya riga nawa kan. Na ce dama so yake abin ya ƙi, don a ce shi ne mai gaskiya, ya samu rumfarsa. Ranar bai cinye abincinsa ba, ni ma nawa ya ƙi wucewa, don na san ƙarya na yi masa. Da safe na haɗa masa shayi na cika madara har ya yi fari, iyakar ban haƙurin da na iya ke nan, kuma ya gane. Malama ta soka reshen a gwangwanin fenti ko zai kama, bai kama ba.

Sanyin shekarar ya ƙi tafiya. Lokacin da ya kamata a ce an fara ganin kawunan fure, babu komai sai jajayen toho. Kullum da safe kafin in ɗora ruwa sai na bi wayoyin nan huɗu ido bayan ido, in buɗa ganye da yatsa in leƙa. Na Malama ma bai fito ba, amma ita ba mai faɗin abin da ba ta sani ba ce don ta faranta wa mutum. Ta ce nata zai zo, ta saba da shi. Namu kuwa ba ta sani ba, shekara shida yana shan aski, mai yiwuwa sai ya ƙara wata shekarar yana farfaɗowa. Wata shekarar kuma ba ta cikin yarjejeniya.

Mai walda bai manta ba. Ranar da shekara ta cika, da hantsi, sai ga motarsa a ƙofa da ƙarafa da kwanon rufi da lebura biyu, ɗaya riƙe da diga. Na duba bangon, ganye ne kore shar tun daga ƙasa har sama, ko fure ɗaya babu. Ni na amsa sharaɗin da bakina, kuma mutumin nan ya cika nasa ban da reshe ɗaya, don haka ban roƙi kowa ba. Na shiga kicin na tara tukwanen da na wanke tun safe na hau sake wanke su, ina buga su da ƙarfi don kada in ji saran diga.

Saran bai zo ba. Abin da na ji muryar mai walda ce tana hawa, kamar ana gardama. Na goge hannu na fito. Yana cewa shi shekara ashirin yana aikin nan, bai taɓa ganin rumfa ba rufi ba. Maigida kuma yana nuna masa da hannu, ya kafa ƙarfe huɗu, ya gitta sanduna a sama a bar tsakaninsu a buɗe, kwanon kuma a mayar da shi mota. Ramin da ke kusa da bango a matsar da shi taku guda daga gindin wardin. Mai walda ya tambaya, in ruwa ya sauko fa? Maigida ya ce mai zuwa aski cikin ruwa ya shigo ciki, akwai benci.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya don kada lebura su ji. Na ce, "Baban yara, in bai yi fure ba fa?"

Bai dube ni ba, idonsa na kan mai diga. "Sai mu zauna a inuwar ganye," ya ce. "Rassan nan da hannuna na ɗaure su, na san kowanne da inda ya soke ni. Kuma na ga fuskarki ranar nan a bayan gidan Malama. Ba zan tsaya a sare shi ina kallo ba."

Shekara ashirin da tara ke nan a lokacin, ban taɓa son mutumin nan kamar yadda na so shi a wannan tsayuwar ba. Sai kawai na ce masa shayinsa yana hucewa.

Furen ya zo bayan kwana goma sha ɗaya. Ya fara da uku a wayar ƙasa, cikin mako guda ya rufe bangon, ya fara kama sandunan rumfar. Mutanen da kansu bai isa aski ba suka riƙa zuwa zama, tela ya kawo kujerarsa daga gida. Maigida ya zagaya har ƙofar Malama ya ce mata ya yarda shi ne, ita kuma ta ce ta karɓa, sannan ta sanar da shi cewa in furen ya gama zuba ana iya rage tsofaffin rassa, sau ɗaya tak a shekara. Ya dawo yana murmushi kamar an yi masa kyauta.

Na yi murna da furen, ba zan ɓoye ba. Na cika kofi da shi na ajiye a gefen gado, na kira yayyena ɗaya bayan ɗaya na ce su zo su ji ƙamshin gidanmu. Amma in na zauna a ƙarƙashinsa yanzu, ranar da nake tunawa ita ce wadda babu ko fure ɗaya a bangon, mai walda yana mayar da kwanonsa mota yana gunaguni, mijina kuma ya bar mutum biyu suna jiransa a shago, ya tsaya da ƙafafunsa a gindin wardin don kada lebura ya taka saiwa.